Fireyabi da Ganin Wata

Ku samarin nan da kuke cika mini benci kuna cajin waya, ina jin abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai aikin Baba Iliya ba aiki ba ne, zuba hatsi ne ta sama, gari ya fito ta ƙasa. To madalla. Ranar da ɗayanku ya niƙa wa mace geron fura a bayan barkono, ta dama ta kai wa mijinta ya kurɓa ya hau atishawa, a ranar zai san ko aiki ne. Shekarata talatin da 'yan kai a bakin injin niƙa. Sha huɗu na yi su a Madarumfa ƙarƙashin Alhaji Labo, sauran a nan Sarkin Yamma. Labarin yadda na baro can na zo nan zan ba ku, amma sai kun fara jin mene ne aikin, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya sa mutum mai hankali kamar Alhaji ya nemi ya tsayar da wata a sama saboda ni ba.

Ranar da aka kai ni wurin tsoho Mati, wanda ke riƙe da injin Alhaji kafin ni, tsintsiya ya miƙa mini. Wata uku ina shara, ina cika tano, wato ganga, da ruwan sanyaya inji, ban taɓa ko kusa ɗaya ba. Ya ce in buɗe kunne kawai. Injin na gazuwal ne, wato man dizal, irin wanda ake tayarwa da hannun ƙarfe. Ka juya, ka juya, sai ya ɗauki gudu ka zare hannun da sauri. In ka yi sanyin jiki shi zai juya ka. Wannan giɓin da kuke gani a bakina ba tsufa ne ya yi shi ba, ranar farko ce da Mati ya ce in tayar.

Abin da muke kira dutse faifan ƙarfe ne guda biyu masu haƙora, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa, da wata kusa da ake murɗawa a matse su ko a sassauta. Duk sana'ar tana cikin wannan murɗawar. Garin tuwo daban, tsakin dambu daban, ɓarzar wake daban. Ka matse fiye da kima gari ya yi zafi ya ɗauki warin ƙarfe, dutse kuma ya cinye kansa, sai an kai shi Maraɗi a wasa. Ka sassauta, mace ta tankaɗe ta ga rabi tsaki ne, ta dawo maka da rariyarta a hannu da bakinta a buɗe. Mati yakan zauna can waje wurin mai shayi, bayansa yana kallon inji, sai ka ji ya kwaɗo murya: “Sassauta, ɗan nema!” Bai ga komai ba, ƙarar kawai ya ji. Sai da na shekara biyu kafin kunnena ya fara jin abin da nasa ke ji.

Wata Alhamis wata mata ta kawo dawa tiya uku, ashe akwai ƙusa a ciki. Ban laluba da hannu ba, na juye. Ƙarar da ta tashi, har awakin kasuwa sai da suka watse. Daga ranar ba na juye hatsin kowa sai na zura yatsu cikinsa, ko na matar liman ne. Na tsinci ƙusa, na tsinci ɗan kunne, na tsinci dala biyar, har haƙorin roba na wata tsohuwa na taɓa tsinta, ta zo nema tana magana da hannu a baki.

Sai kuma layi. Mata ba sa tsayawa a layi, kwanukansu ne ke tsayawa. Kowace ta ajiye nata ta koma aikin gida, kai ne za ka san kwanon wa ke gaban na wa, wanne na tuwo ne wanne na kunu, ba rubutu ba alama. Ka yi kuskure ɗaya, rigimar da aka fara a rijiya shekara uku da suka wuce a kanka za a ƙarasa ta. Amma kwanukan nan suna ba da labari. Gidan da za a yi suna, gidan da baƙi suka sauka, gidan da maigida ya daina aiko da kuɗi daga Legas, duk nakan sani kafin mai unguwa.

Shekarar da tsutsa ta cinye kan gero ita ce ba na so a sake. Kwanuka suka ƙanƙance. Wadda ke kawo tiya huɗu ta koma kawo ɗaya, daga baya ta koma kawo abin da ta ƙulle a bakin zane. Wasu dusa suke dawowa da ita a sake niƙawa. Ku da ba ku sani ba, inji yana da nasa ci. Kowane niƙa sai ya riƙe ɗan gari a cikin kansa, wanda a shekarar ƙoshi ba mai kula da shi. A wannan shekarar ɗan garin nan kunun yaro ne. Sai na koma kashe inji bayan kowane kwano, in kwance kai, in share da gashin kaza in juye wa mai shi. Kashewa da tayarwa yana shan gazuwal, yana shan ƙarfi. Alhaji ya zo ya tsaya ya ga abin da nake yi. Na jira faɗa. Sai ya ce, “Ka samo buroshi, gashin kaza ba shi kai lungu.” Ku riƙe wannan, don abin da zan faɗa a kansa nan gaba kada ku ɗauka mugun mutum ne. Mutum ne dai da in abu ya shiga hannunsa, ko cokali ne, buɗe hannun yake masa wuya.

To, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi a wata shekara ta tsakiyar bazara, sai ga Inna Hajo, shugabar ƙungiyar matan Sarkin Yamma, ta zo har bakin inji. Ta ce wani furoje na masu ba da tallafi ya ba su sabon inji, suna neman wanda zai riƙe, ba a matsayin yaron kowa ba, a raba abin da aka samu. Ta ce mai ɗaura injin zai zo wata Talata, mutumin Kwatano ne, ba ruwansa da salla ko jajibere, ranar zai ɗaura ya nuna wa mai riƙewa ya ba shi makulli ya wuce. Wanda ke tsaye a wurin ranar, shi ne mai inji. In ban zo ba akwai ɗan ƙanwarta yana jira da baki buɗe. Sharaɗi ɗaya ta sa: in zo da takardar sallama mai sa hannun maigidana.

“Ba mu ɗaukar wanda ya gudo,” in ji ta. “Wanda ya gudo ma wani, mu ma shina gudun mu.”

Shekara sha huɗu ina niƙa wa wani. Ina da mata da yara huɗu, ba ni da ko akuya da zan ce ta sana'a ce. Na so abin nan har cikin raina.

Kuskurena na farko, ranar ɗaya ga azumi na faɗa wa Alhaji, Litinin ce, da la'asar sakaliya. Kada ku taɓa kai wa mai azumi magana a ranar farko da la'asar, balle mai cin goro. Ya zo duba gazuwal, leɓensa a bushe, na ce masa zan bar aiki. Mata wajen ashirin suna tsaye da jiƙaƙƙen wake.

“Mi na yi maka?” ya ce.

“Ba ka yi mini komi ba, Alhaji, sai alheri. Na samu nawa ne.”

“Azumi ya kama, mata sun jiƙa wake, sa'an nan ka ce za ka tahi? To ka cika mini watan ga tukuna. In ya ƙare ka tahi inda ka ga dama.”

Ya kaɗa riga ya fita. Ni kuwa na ƙirga a yatsa. Talatar Inna Hajo ta faɗa daidai kwana na talatin. In watan ya yi ashirin da tara, na fita. In ya cika talatin, saura wuni guda, na ce a raina ai Alhaji ba zai hana ni wuni guda ba bayan shekara sha huɗu. Kuskurena na biyu, na faɗa wa wata mai ƙosai ranar da za a ɗaura injin. Na roƙe ta kada ta gaya wa kowa, ita ma haka ta roƙi duk waɗanda ta gaya wa.

Bayan kwana uku sai ga Alhaji da surukinsa Mushe Sani, wan matarsa Hajiya Tsahara. Mushe ɗin nan na Faransanci ne, kamar a ce Malam. Tsohon akawu ne da ya yi ritaya, amma har lokacin biro uku yake jerawa a aljihun gaba, da agogo mai sarƙa. Ya sa na kashe inji. Ya gyara tabarau ya ce, “Iliya, ka san fireyabi?”

Na ɗauka wani ƙarfe ne ya ɓace a inji. Na ce duk abin da aka danƙa mini yana nan.

Ya ce fireyabi shi ne wa'adin da ma'aikaci ke ba maigida kafin ya bar aiki, wata guda ne, kuma watan aiki na kalanda ne, daga lamba zuwa lamba. Ya zaro kalanda daga aljihu, ya ɗora biro a kan Litinin ɗin da na yi magana, ya ja har lambar da ta yi daidai da ita a wata mai zuwa. Kwana talatin da ɗaya. Alhamis. Ko haka doka ta ce ko Mushe ne ya ce, har yau ban bincika ba. Abin da na gane shi ne Alhamis tana bayan Talata. Na dubi Alhaji, ya ɗaga kai yana duba kwanon rufi kamar yau ya fara ganinsa. A nan na san ba aikin kwana biyu yake so ba. So yake Talata ta wuce ina hannunsa, in rasa can, in zauna nan.

Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba. Amma fushi ba ya sa hannu a takarda. Na ce a kai magana wurin Liman Haruna, limamin unguwarmu, wanda Musulmi da Kirista duk wurinsa muke kai rigimar iyaka da ta katanga.

Da ma kun ga zaman nan. Ga ni, Iliya ɗan Bulus, wanda duk Lahadi ke rufe inji ya tafi majami'a, na dage sai watan sama. Ga Alhaji Labo, ya je Makka sau biyu, carbi a hannu, ya dage sai kalandar Nasara.

“Kai mi ya haɗa ka da ganin wata?” in ji Alhaji. “Kirsimatinku da kalanda kuka yin ta!”

“Alhaji, ba ni na ce wata ba, kai ka ce. Ka ce in cika maka watan ga. Ran nan wane wata ya kama?”

Mushe Sani ya fara karanto Faransanci. Liman ya bar shi har ya gaji, sannan ya juya ga Alhaji a hankali.

“Alhaji, sa'adda ka ce watan ga, kalandar Mushe na hannunka?”

“A'a.”

“Mi ke bakinka?”

“Azumi.”

“To watan da ke bakinka shi ka ambata. Ga hukunci: ranar da Alhaji Labo ya aje azumi, ranar Iliya ya cika. Ba kahin nan ba, ba bayan nan ba.”

Alhaji ya ƙirga a carbi. In azumi ya yi talatin, Talata tana ciki, har yanzu ya ci. Ya ce ya yarda. Daga ranar, a duk faɗin Madarumfa, cikin zafin da ke sa jaki ya ƙi tashi, mutum ɗaya ne ke roƙon Allah azumi ya cika talatin.

Yanzu sai in tuna muku abin da kun sani. Mu nan bakin iyaka wata biyu gare mu. Rediyon Katsina yana shigo mana kamar na Yamai, wata shekara a ga wata tare, wata shekara can su riga mu da kwana guda. Kowa kuma ya san ɗabi'ar Alhaji Labo. Duk inda aka fara gani, nan ne ƙasarsa. In Nijeriya ta riga, kafin gari ya waye ya sa babbar riga ya ja mota zuwa Ɗan Issa, ya yi idi da masu bin tsallake. In aka tsokane shi sai ya ce Allah wata ɗaya ya yi, kuma wata bai san duwan ba, wato kwastan na bakin iyaka. Ya kuma ƙara da cewa wanda ya tabbata an ga wata, haramun ne ya tashi da azumi. Ko Liman ya tuna da wannan lokacin da ya zaɓi kalmominsa, ban sani ba. Na dai ga gemunsa yana motsi.

Aikin azumi shi ne mafi nauyi a shekara. Daga azahar kan markaɗe ba ya hutawa: wake na ƙosai, gero na kunu, gujiya, kayan miya. Markaɗe kuma ruwa yake so daidai. Ka yawaita, ƙullun ƙosai ya tsinke ya sha mai, mai ƙosai ta yi asara ta zage ka har kakanka. Na yi wannan watan kamar ban taɓa cewa zan tafi ba, don kada a sami abin faɗa. Alhaji kuwa ya canza salo. Kuruwar inji, igiyar nan da ke juya kai, wadda na shekara biyu ina roƙo a sauya ina ɗinke ta da waya, sai ga sabuwa fil. Rufin da ke yoyo aka gyara, a bazara. Kullum da yamma a aiko mini da kunu da ƙosai daga cikin gida, ni da ba na azumi. Na sha kunun, na gode, ban ce na fasa ba. Da na ga ba ya neman wanda zai maye ni, na samo wani magidanci, Isa, da ya taɓa riƙe inji a Jibiya, na nuna masa halin namu. Alhaji in ya zo sai ya gaishe da kowa ya tsallake Isa.

Ranar Litinin, ashirin da tara, bayan shan ruwa, duk gari aka fito ana leƙen yamma. Ni ma na fito. Ban taɓa neman wata da ido haka ba, har wani maƙwabcina ya ce, “Iliya, ko ka tuba ne ba mu ji ba?” Ba a ga komai ba. Yamai ta ce gobe a tashi da azumi. Na koma rufe inji. Ban gama sa kwaɗo ba sai labari ya zagayo: Katsina ta ce an gani. Aka ce Alhaji ya tsaya a ƙofar masallaci ya shaida wa jama'a cewa shi ɗan Nijar ne, gobe azumi. Aka ce wasu har sai da suka dafa bango don dariya.

Ina tsaye ina tunanin ta ƙare mini, sai ga Hajiya Tsahara da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, da bokiti a rufe. Ta ce in tayar. Na buɗe, jiƙaƙƙiyar shinkafa ce ta masa. Ku da kuke cin masa ba ku san komai a kanta ba: yau ake markaɗa ta, ta kwana ta tashi, da safe a soya. A zafin bazara ƙullu ba ya jiran kwana biyu. Na dube ta.

“Hajiya, wanga ƙullu na gobe ne.”

“Ni ban ce maka komi ba,” ta ce. “Ka matse shi shi yi laushi, Alhaji ba shi son gari-gari. In kuma gaisuwa za ka zo, ka zo da hantsi.”

Ban taɓa yi wa wani markaɗe mai laushin wannan ba.

Da sassafe na rubuta takardar sallama da ɗan karatun da na yi a makarantar mishan, na yi magana da mai kabu-kabu ya jira ni a bakin kasuwa, sannan na je wurin Liman na roƙe shi ya raka ni gaisuwa. Shi da azuminsa yake, don Yamai yake bi. Bai tambaye ni komai ba, ya sa takalmi.

Muka tarar da Alhaji a zaure, cikin tsohuwar riga ta kullum, ya jingina da bango ya langaɓar da kai kamar wanda ya yi kwana talatin cif. Mushe Sani yana gefensa. Muka yi sallama. Liman ya ce, “Alhaji, barka da azumi.” Ni kuma a tare na ce, “Alhaji, barka da salla.”

Ya dubi Liman, ya dube ni. Ya ce, “Sannunku.”

“Barka da azumi na ce, Alhaji.”

“Ina gida, Malam? Ina yara?”

“Lahiya lau. Ina ƙishirwa?”

“Zahi dai, Malam. Bana an yi zahi.”

Ku lura da mutumin nan. Zai iya juya magana har azahar, amma ba zai buɗe baki a gaban Liman ya ce yana azumi alhali ba ya yi ba. Wannan iyakarsa ke nan, kuma don ita na yi masa shekara sha huɗu. Ni kuwa rana tana hawa, ina jin mai ɗaura inji yana kan hanya. Liman ya gyara zama kamar mai shirin wuni. Mushe Sani ya zaro agogo ya mayar. Muna cikin haka sai muryar Hajiya Tsahara ta fito daga bayan ƙyauren cikin gida, sarai, irin muryar da ake kiran yaro daga gona.

“Alhaji! A ƙaro maka masa, ko wadda ka ci ta isa?”

Mushe Sani ya cire tabarau ya hau gogewa. Liman ya sa bakin rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji ya daɗe yana kallon ƙyauren nan, sannan ya miƙe zaune, duk langaɓewar ta tafi.

“A ƙaro,” ya ce. “A kawo da na Iliya. Malam, kai ka yi haƙuri.”

Na miƙa takarda. Ya karɓi biro ɗaya daga aljihun Mushe ba tare da ya tambaya ba, ya sa hannu, ya danna har sai da takardar ta kusa hujewa. Bai sake ta nan da nan ba. Ya riƙe gefe ɗaya ina riƙe da ɗaya.

“Watan Nijeriya ne ya ƙare,” ya ce. “Injina a Nijar shike. Ina bin ka wuni guda, Iliya. Mushe, ka shaida.”

“Na shaida,” in ji Mushe Sani.

Sannan ya saki. Idonsa ya yi ja, ya ce hayaƙin suyar masa ne. Ni kuma ban ko gode masa yadda ya kamata ba. Na ɗauki masa biyu a hannu na ruga. Muka iso nan ana sauke inji daga kamyo, babbar motar kaya, ɗan ƙanwar Inna Hajo har ya naɗe hannun riga. Na nuna takarda, ya warware hannun rigarsa.

Daga wannan shekarar, kowace ƙaramar salla sai saƙo ya zo daga Madarumfa, da ƙunshin masa, da magana ɗaya: Alhaji yana gaisuwa, ya ce yaushe za a biya shi wuninsa. Ni kuma in aika da kaza in ce a gaya masa ina jiran ranar da Nijar da Nijeriya suka shirya a kan lissafin. In mun haɗu a kasuwar Ɗan Issa, kafin gaisuwa sai ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Na sha cewa wata rana zan tafi ba zato in tayar masa da inji in ga fuskarsa, kullum sai aiki ya hana.

Labarin rasuwarsa ya same ni ina Maraɗi wurin wasa dutse. Ranar sadakar uku na rufe nan, na isa Madarumfa kafin rana ta fito. An jiƙa gero buhu-buhu na gumba, ga hatsin abincin masu zaman makoki. Na ce wa Isa ya ba ni hannun ƙarfe ya je ya zauna da mutane. Tsohon injin ya tashi a juyi na biyu. Na niƙa daga safe, ban zauna ba, ban karɓi ko dala ta kowa ba. Hajiya Tsahara ta aiko a tambaye ni me zan ci, na ce a gaya mata wuninsa ne na kawo. Aka ce da ta ji ta yi dariya, sannan ta rufe fuska da mayafi.

Da rana ta yi ja kwanuka suka ƙare, saura tiya guda ta wata maƙwabciya da ta ce ba gaggawa, gobe ma ya yi. Na share kai, na kai hannu zan kashe. Sai na ji an yi gyaran murya daga benci. Mushe Sani ne, ya tsufa ƙwarai, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Ban san tun yaushe yake zaune a wurin ba. Ya zaro agogonsa mai sarƙa, ya kai shi kusa da ido.

“Iliya,” ya ce, “ba a kira magariba ba tukuna.”

Na janye hannuna. Na jawo tiyar nan, na zura yatsu cikin geron, na juye.